Whitaker Ya Fi Ƙarfin A Bar Shi A Waje

Na haɗa ƙungiyoyi biyu a wasan besbol na kwamfuta, irin wanda ake loda wa alƙaluman tsoffin 'yan wasa ya buga kaka da kansa. Ɗaya duk 'yan Zauren Gwaraza na Cooperstown ne, inda ake karrama fitattun 'yan besbol a Amurka, ɗayar kuma waɗanda aka hana shiga. Su Babe Ruth da Walter Johnson, da aka fara shigarwa a 1936, babu abin faɗa a kansu. Sun yi abin da aka san su da shi. Rigimar tana kan wanda ke tsaron tasha ta biyu, ɗaya daga cikin tashoshin da mai bugu ke zagayawa kafin ya ci maki.

A can na ajiye Bill Mazeroski na Pittsburgh Pirates. Hannunsa ya burge ni ainun. Ƙwallo na gangarowa ta gefensa, kafin ka ƙifta ido an fitar da mutum biyu, masu jifana kuma suna samun sarari. Ba banza ya ci kyautar Gold Glove, ta gwanin tsaron fili, sau 8 ba. Ni dai ba na cikin masu cewa bugun nan da ya kawo wa Pirates kambu a kan Yankees a 1960 ne kaɗai ya shigar da shi Zauren. Kwamfuta ba ta san da wannan ranar ba, amma duk da haka ya yi amfani.

Wanda ya hana ni sakat shi ne na ɗaya ɓangaren, Lou Whitaker na Detroit Tigers. Kaka bayan kaka yana gaba. Yana haƙuri da jifa har a ba shi tasha ta farko kyauta, in kuma ya samu daidai sandarsa ya cilla ƙwallo bayan katanga. Na sauya filin wasa, na sauya zamanin da ake bugawa, abin bai canza zani ba. Alƙaluman gaske ma haka suka nuna: sau 244 ya fitar da ƙwallo waje, Mazeroski sau 138, Whitaker ma kuma yana da Gold Glove 3.

Abin da ke ci mini rai, a 2001, shekarar da aka shigar da Mazeroski, Whitaker ya samu kashi 2.9 cikin ɗari na ƙuri'un 'yan jarida, aka cire sunansa daga takardar zaɓe tun a karon farko. Alan Trammell, wanda suka yi kaka 19 kafaɗa da kafaɗa, suka ci kambu tare a 1984, ya shiga a 2018. Haba! An ɗauki ɗaya an bar ɗaya a bakin ƙofa.

In za ka gwada, kada ka tsaya a kaka ɗaya, sa'a na iya ruɗinka. Ka tabbata an daidaita alƙaluman zamani da zamani, ka kuma duba makin da aka hana abokan hamayya ci, don a nan aikin Mazeroski yake fitowa. Sannan ka sa Whitaker a tasha ta biyu ka gani da idonka.