Shagon Nawa Ne, Sunan na Wani: Kurakuran da Na Tafka a Kasuwancin Hayar Suna

Na shiga kasuwancin hayar suna ina da ƙuruciya, da ɗan jarin da na daɗe ina tarawa, da kuma yaƙinin cewa na fi waɗanda suka ba ni sunan sanin ciniki. Ga wanda bai san tsarin ba, babban kamfani ne yake ba ka izinin buɗe shago da sunansa da tambarinsa da salon aikinsa na wasu shekaru, kai kuma ka biya kuɗin shiga, ka riƙa ba shi kaso daga cinikinka, ka bi ƙa'idojinsa. Ƙannena masu sha'awar wannan hanya, ina rubuta muku ne saboda Hausawa sun ce idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuskurena na farko gaggawa ce. An miƙo mini yarjejeniya mai shafuka da yawa, na leƙa adadin kuɗin shiga da tsawon wa'adi, na sa hannu ba tare da na nuna wa lauya ko akanta ba, domin ina ganin kuɗin da zan ba su asara ne. Sai bayan watanni na fahimci cewa kason uwar kamfani ana cire shi ne daga jimillar ciniki, ba daga riba ba. Mu ƙaddara kason kashi 6 ne cikin 100, ga kuma wani kaso na talla a kansa: ko watan ya ƙare da faɗuwa bayan ka biya haya da albashi, dole ne ka biya su. Babu wanda ya cuce ni, domin komai yana rubuce. A Amurka, dokar hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta wajabta wa kamfani ya ba mai neman hayar suna takardar bayani mai sassa 23, aƙalla kwanaki 14 kafin ya sa hannu ko ya biya wani kuɗi, kuma a cikinta akwai sunayen waɗanda suke riƙe da rassa da waɗanda suka fita kwanan nan. Ko a inda doka ba ta tilasta haka ba, ku nemi waɗannan sunaye, ku fara da waɗanda suka fita, domin su ne ba su da dalilin yi muku kwalliya.

Kuskure na biyu shi ne ya fi cin raina har yau, kuma tushensa girman kai. An ba ni littafin ƙa'idoji wanda ya fayyace komai, tun daga wurin da za a sayi kayan aiki har zuwa yadda ma'aikaci zai tarbi mai saye da lokacin buɗewa da rufewa. Na karanta shi da raini, ina cewa a zuciyata ai ni na zuba jari, ni nake biyan haya, ba mai faɗa mini yadda zan tafiyar da shagona. A shekara ta biyu na samu mai kawo kaya masu arha wanda ba ya cikin jerin waɗanda kamfanin ya amince da su, na fara cakuɗa kayansa da na asali, na kuma rage wasu matakai na aiki da nake ganin ɓata lokaci ne. Ribar ta ɗan ɗaga, na ji daɗi, na ɗauka basira ce.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, mutumin da ya shigo shagona bai san ni ba, kuma ba don ni ya zo ba. Tambarin da ya gani a ƙofa ne ya jawo shi, saboda ya taɓa samun gamsuwa a wani reshe a wani gari, yana kuma sa ran samun irinta daidai a wurina. Wannan amincewar ita ce ainihin hajar da na yi haya, kuma wasu mutane ne suka tara ta da guminsu kafin na zo. Da na rage inganci, ajiyarsu nake ci. Ƙorafin masu saye ya isa hedikwata, mai duba rassa ya zo ba sanarwa, aka rubuto mini takardar gargaɗi mai ɗauke da wa'adin gyara ko a soke yarjejeniyar. Amma abin da ya fi takardar zafi shi ne kiran da wani dattijo mai riƙe da reshe a wani yanki ya yi mini, ya ce mini cikin natsuwa masu saye sun fara tambayarsa ko shi ma ya sauya kaya. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma a wannan karon ni ne waken.

Kada ku fahimci cewa mai hayar suna ba shi da damar tunani. Yana da ita, sai dai tana da ƙofa. Jim Delligatti, wanda a lokacin yake riƙe da rassan McDonald's, kamfanin gidajen sayar da abinci, a jihar Fensilbeniya ta Amurka, shi ne ya ƙirƙiro Big Mac, wani nau'in burodi mai nama a tsakiya, ya nemi izinin kamfani ya gwada shi a 1967, sannan a 1968 aka yaɗa shi a rassan ƙasar baki ɗaya. Bambancina da shi a fili yake: shi ya kai shawararsa gaban masu sunan ya jure jira, ni kuwa na aiwatar da tawa a ɓoye, kuma ko ni kaina na san dalilin ɓoyewar.

Akwai wani abin kunya da ya biyo baya, wanda na daɗe ban iya faɗa ba. A watannin da ciniki ya ja baya, na riƙa cire wasu kuɗaɗen da aka biya hannu da hannu daga lissafi domin kason da zan tura ya ragu, kuma mai karɓar kuɗi yana kallo, wani lokaci ma shi nake umarta. Ban yi tunanin cewa makaranta na buɗe ba. Bayan wani lokaci kaya suka fara ɓacewa, lissafin yamma ya daina daidaita, da na tsare yaron ina faɗa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, na ɗauka haka ake yi." Na rasa bakin magana. Ma'aikaci yana jin abin da maigida ya faɗa, amma abin da ya ga yana yi shi yake ɗauka doka, kuma wanda ya ha'inci na sama da shi ya zubar da ikon tsawata wa na ƙasa da shi. Na je da ƙafata na bayyana wa kamfanin, na biya abin da na danne a hankali, kuma wannan tafiya ita ce mafi nauyi da na taɓa yi.

Game da riƙon ma'aikata, laifina biyu ne. Ina yi musu tsawa a gaban masu saye, kuma ina ƙyashin kashe lokaci wajen horar da su, saboda ina cewa ai gobe za su tafi. Haka kuwa suka riƙa tafiya, kowane sabo ya zo ya koyi aiki a kan masu saye. Ray Kroc, ɗan kasuwar da ya bunƙasa McDonald's, ya buɗe reshensa na farko a garin Des Plaines na Amurka a 1955, kuma a 1961, shekarar da ya sayi kamfanin daga 'yan'uwa biyu masu suna McDonald da suka kafa shi a kan dala miliyan 2.7, aka kafa cibiyar horarwa ta Hamburger University, wadda ta fara a ɗakin ƙasa na wani reshe a jihar Ilinoyi. Wanda yake son ya ga aiki iri ɗaya a hannun mutane daban-daban sai ya zauna ya koyar, kuma ni ban zauna ba. Na kuma ɗauka cewa tun da tsari a rubuce yake shagon zai tafi da kansa, na riƙa leƙowa sau biyu a mako kamar baƙo.

Yanzu ni nake buɗe ƙofa da safe. Duk sabon ma'aikaci nakan tsaya tare da shi makonsa na farko, in kuma zan yi gyara sai na ja mutum gefe bayan mai saye ya fita. Lissafin kowace rana yana tafiya hedikwata yadda yake, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Shawarwari uku na aika musu a rubuce tun daga lokacin, sun karɓi ɗaya, sun ƙi biyu, kuma har yau ina ganin ɗaya daga cikin biyun da suka ƙi tana da kyau. Na sake aika ta a watan jiya tare da alƙaluman cinikin shekara guda, ina jiran amsa.