Idan kun ji warin gas a kicin

Har yanzu akwai masu ƙyasta ashana don neman inda gas ke yoyo. Subhanallahi! Ruwan sabulu ake shafa wa tiyo da bakin tukunyar gas, inda kumfa ta taso, nan ɓarakar take.

Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa buɗe taga kaɗai ba ya isa, sai an wangale ƙofa. Kada a taɓa makunnin lantarki, ko da kashewa ne, tartsatsi ɗaya ya isa. A rufe kan tukunyar, a fitar da ita tsakar gida, a tsaye.

Wajen ɗuri kuma, kada ta wuce kashi 80 cikin 100, domin zafi na sa gas ya kumbura.