Na rina 'ya'yan dara a tsohuwar tukunya

A kasuwar Sabon Gari na samu fararen kwandalolin roba, irin na wasan kartar nan da ake kira foka, da araha. Dara nake so mu riƙa yi da yara bayan la'asar, kowane ɓangare 'ya'ya 12, to dole a bambanta launi.

Da fari na tsoma rabi a rinin atamfa. Ina ɗaurayewa ya zube tas, ashe roba ba ta shan rinin auduga. Sai na nemo na yadin foliyesta, na wanke kwandalolin da sabulu, na zafafa ruwa a tukunyar da muka daina girki da ita, na zuba rinin da kwandalolin, ina ta juyawa da kara. Biyu da suka kwanta a gindin tukunya sun lanƙwashe, wallahi na ji zafin asararsu. Sauran kuwa sun yi jawur, ko hannu ba sa ɓatawa.