Kafin ka sayar da sa ka zama furodusa

Ƙannena na ƙauyukan Ringim, Taura da Gezawa, masu ɗaukar barkwanci da waya kuna burin wata rana a kira ku furodusa, ku ba ni aron kunnuwanku. Jarumi ake gani a fosta, amma idan aka tashi daga lokeshin, ƙofar furodusa kowa ke bugawa yana neman sallama.

Da kuɗin riɗi da na wani sa da muka yi kiwo a gida na shiga harkar nan, lokacin faifan CD na ci. Lissafina duk ya tsaya a kan jarumi da kyamara. Ban sa abincin jama'a ba, ban sa man janareta ba, balle motar da za ta kwaso 'yan wasa daga Kano. Ranar da hadari ya taso muka wuni a rumfa, an rufe kyamara da leda, ba a ɗauki komai ba, amma shinkafa sai da aka dafa, kowa kuma sai da ya karɓi na mota. Kafin a kai ga editin, aljihu ya bushe.

A nan wani ɗan kasuwa a birni ya ba ni cikon kuɗi. Baki da baki muka yi, ba takarda, ba shaida, na miƙa masa fim ɗina kacokan don ina jin kunyar in ce wa babba a rubuta. Fim ya shiga kasuwa, ni ban san kwafi nawa aka buga ba, ba ni kuma da abin da zan nuna wa kowa. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Yanzu CD ya mutu, masu tura fim a waya sun gama da shi. Arewa24 ta zo a 2014, sannan fina-finai masu dogon zango suka koma YouTube. Tarkon dai yana nan. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da tasha sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, shi ya sa yaro kan gaji ya ɗora aikinsa a tashar abokinsa da ta riga ta yi ƙarfi. To, mai tasha ake biya. In za ka yi haka, a rubuta kason kowa da ranar biya, ku sa hannu gaban shaidu. In ka buɗe taka, imel da lambar sirri su zauna a hannunka, kada ka bar wa yaron shagon caji. Waƙar wani kuma kada ka sa ba izini, mai ita na iya karɓe kuɗin bidiyon.

Ka yi wa kamfaninka rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. In a Kano za ka yi aiki, Hukumar Tace Fina-finai tana nan tun 2001, ka je da ƙafarka kafin ta neme ka. Ka gaida mai gari kafin ka kafa kyamara a ƙofar gidan mutane.

Sa kuwa a bar shi a turke tukuna. Ka nemi wani furodusa ka bi shi lokeshin, ko da riƙe littafin kashe kuɗi ne, har ka ga fim ɗaya tun daga rubutu zuwa ranar da kuɗinsa suka dawo.