Jinyar da ba ta da ranar sallama

Duk wanda ya taɓa yin jinya a Kano ya san tambayar da ke jiransa tun daga ƙofar masallaci har bakin kasuwa, wato “Yaya mai jiki?”, ya kuma san cewa amsarta ɗaya ce: “Da sauƙi, alhamdu lillahi.” Shekara shida ke nan ina bayar da wannan amsa game da uwargidana, kuma ban ɗauke ta ƙarya ba, domin godiya ga Allah wajibi ce a kowane hali. Sai dai masu tambayar suna nufin sauƙin da ke kai mutum ga miƙewa, alhali ciwon da ke jikinta ba irin wanda ake sallamar mai shi ba ne.

Abin ya faro ne daga keken ɗinki. Tela ce da matan unguwarmu suka sani, sai ta lura ƙafarta ta hagu ba ta bin ta dama wajen taka keken, daga baya ta fara tuntuɓe a dokin ƙofa, takalmi yana saɓule mata ba ta sani ba. Kusan shekara biyu muka yi muna bulayi. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe, wata gwaggonta kuwa ta rantse cewa sammu ne daga abokan sana'a. Ban raina addu'a ba, har gobe ina yi mata tofi safe da yamma, amma kuɗin da na zuba wa wani mai magani da ya ɗauki alkawarin za ta taka da ƙafarta cikin kwana 40 har yanzu yana yi mini ciwo, saboda da shi ya kamata mu yi hoton asibiti da ake buƙata tun da wuri.

A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano muka ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda ya sa aka ɗauki hoton kanta da gadon bayanta da na'urar MRI, aka kuma ɗebi ruwan lakarta aka auna, kafin ya ambaci sunan cutar: maltiful siklarosis, ko MS a taƙaice. Ya bayyana mana cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da riga kamar robar da ke jikin wayar lantarki, kuma a wannan cuta garkuwar jikin mutum ce da kanta take zaizaye rigar, sai saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa zuwa ƙafa ko hannu ko mafitsara ya riƙa yin jinkiri ko ya ɓace a hanya. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace ta tun a 1868, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun fi yawa. A ƙasashenmu masu zafi ba a cika samun ta ba, shi ya sa ko suna ba ta da shi a Hausa. Kimanin 85 cikin 100 na masu ita ciwon yakan taso musu ne ya lafa, amma akwai 10 zuwa 15 waɗanda tun farko nasu gaba kawai yake ci sannu a hankali, kuma cikinsu uwargidana take. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Ocrevus, wanda ake sa wa mutum ta ƙarin ruwa duk wata shida domin rage gudun irin wannan nau'i, amma da na ji kuɗinsa sai na san ba na malamin makaranta ba ne.

Babban abokin gabarmu a gidan nan shi ne zafi. Jijiyar da rigarta ta zaizaye tana ƙara kasawa idan jiki ya ɗumama ko da kaɗan ne, don haka daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, matar da ke iya riƙe kofi da asuba takan kasa ɗaga cokali da azahar, idonta ya yi hazo, maganarta ta yi nauyi. A shekarar farko na ɗauka ciwon ne ya yi tsalle, na shiga tashin hankali, sai da aka fahimtar da ni cewa idan jiki ya huce ƙarfin yakan dawo inda yake. Tun daga nan muka sauya tsarin gidan gaba ɗaya. Mun bar ɗakinmu mai rufin kwano muka koma tsohon ɗakin ƙasa na marigayiya mahaifiyata, na sayar da babur na haɗa ƙaramar sola mai ɗaukar fanka, kuma kullum akwai tawul a jiƙe cikin ruwan randa domin wuyanta da damatsanta. Wanka da ruwan zafi, wanda kowace dattijuwa ke ba mu shawararsa, mun daina shi ɗungurungum. Haka ma zazzaɓi: cizon sauro ko ciwon mafitsara yana iya kwantar da ita warwas, saboda haka da na ji jikinta ya yi ɗumi ko fitsarinta ya sauya wari, ba na jiran gari ya waye sau biyu.

Sauran aikin na yau da kullum ne. Akwai maganin baklofen domin sandarewar ƙafafu, akwai juya ta duk bayan awa biyu a ranakun da take kwance don gudun gyambon kwanciya, akwai kuma ɗaga keken guragu a kan kwatocin lungunmu kafin mu kai inda adaidaita sahu ke iya tsayawa. Salla tana yin ta a zaune, ranar da ta kasa ta yi a kishingiɗe, kamar yadda shari'a ta sauƙaƙa, kuma da azumi ciyarwa muke yi.

Abin da ya fi yi mini nauyi ba daga cutar ya fito ba. A garin nan ana ganin jinya aikin mata ne, saboda haka wani yayana ya same ni a soro ya ce, “Malam, ka mayar da ita gidansu su kula da ita mana, ko ka ƙaro wata ta taya ka.” Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, ƙarin aure kuma halal ne, amma ban ga adalci ba a ɗauko 'yar mutane domin ta zama ma'aikaciyar jinya, ban kuma ga yadda zan tura wa surukata, wadda ita ma hawan jini ke damun ta, matar da ta haifa mini 'ya'ya huɗu ba. Wannan ba ya nufin ni gwarzo ne. Na sha yi mata tsawa da tsakar dare saboda gajiya, in koma banɗaki in yi kuka. Sai da ƙanwarta ta karɓi ranar Asabar, babban ɗanmu ya karɓi daren Alhamis, sannan na dawo cikin hayyacina.

Likitar gashin ƙashi ce ta gyara mini kuskuren da na daɗe ina yi da sunan tausayi. Ta ga ina ɗaura wa uwargida ɗankwali, sai ta ce, “Malam, duk abin da ka karɓe mata yau, gobe hannun zai manta shi.” Daga ranar na koyi naɗe hannuwana ina kallo tana ɗaukar minti goma wajen abin da zan gama cikin ƙiftawar ido, kuma wannan ya fi ɗaukar ta a baya wahala a gare ni.

Keken ɗinkin yana nan, 'yarmu ta biyu ce ke taka shi yanzu. Jiya da hantsi, kafin rana ta yi zafi, na tarar an shimfiɗa atamfa a kan tabarma, uwargida tana kan kujerarta da tef a wuya, tana nuna wa yarinyar da tsinken tsintsiya inda za ta bi da almakashi. Da yarinyar ta karkace wajen hammata sai ta ce a miƙo mata alli, ta riƙe shi da hannu biyu, ta ja layin da kanta.