Antaliya da Alaniya: abin da idona ya gani a bakin Bahar Rum

Tun da muka dawo daga Turkiyya mutane ke ta tambayata ya Antaliya, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta tun abin yana sabo a kaina. Asalin tafiyar dai sari ne ya kai ni Istanbul, Laleli da Merter, abayoyi da kayan yara, wannan ba baƙon abu ba ne ga duk ɗan Kantin Kwari. Abin da ya bambanta wannan karon shi ne na tafi da maman yara, sannan akwai wani abokina da ya matsa min tun bara wai sai na je na ga gidajen da ake sayarwa a Alaniya, wai ga teku a ƙofar gida, wai kana saya an ba ka takardar zama. Na ce tunda mun zo kusa ai sai mu ƙarasa mu gani da ido.

Daga Istanbul awa ɗaya ce da 'yan mintoci a jirgi. Abin da ya fara ɗaukar hankalina tun daga sama ba tekun ba ne ma, rumfunan leda ne farare fat sun shimfiɗu iya ganinka har gindin duwatsun Toros. Ashe gonakin tumatir ne da tattasai da kokwamba, a cikin rumfa suke nomansu rani da sanyi, daga nan ake lodi zuwa Istanbul da Rasha da Turai. Wallahi sai Kadawa ta faɗo min a rai, yadda kwandon tumatir ke komawa banza a lokacin kaka har manomi ya bar shi a bakin titi, bayan wata huɗu kuma miya ta gagari mai gida. Mutanen nan ranar da muke da ita ta fi tasu, amma su sun san yadda za su ci amfaninta.

A watan Oktoba muka je, kuma har lokacin akwai zafi, sai dai ba irin na Kano ba mai ƙona fata, irin na Legas ne, kana fitowa riga ta manne maka a baya. Daga filin jirgi akwai taram, jirgin ƙasa na cikin gari, har tsakiyar gari, kati kawai za ka saya ka zuba masa kuɗi, kada ka yarda ka fara da tasi don can ne kuɗinka zai fara tafiya.

A tsohon gari muka sauka, Kale'ici. Lunguna ne ƙanana na dutse, gidajen katako na zamanin Usmaniyya an mayar da yawancinsu otal da gidan abinci. Ƙofar shiga ta Hadiriyan tun shekara ta 130 bayan haihuwar Annabi Isa take tsaye, an gina ta ne don tarbar sarkin Rumawa, kuma a ƙasan ƙofar tsakiya har yanzu ga sawun tayoyin keken doki sun ci dutsen sun yi rami. Na daɗe a tsaye a wurin. Mu da muke da ganuwa da ƙofofi masu tarihi muna kallo ana kwasar ƙasarsu ana gina shaguna a kai, su kuwa sawun taya ma sun killace shi, mutane na zuwa daga ƙarshen duniya suna ɗaukar hoto. Gaba kaɗan ga hasumiyar Yibli Minare ta jan bulo, mita 38, aikin Sarkin Saljukawa Ala'uddin Kaikubad ne a ƙarni na 13, duk inda ka ɓata a lungunan nan ka ɗaga kai ka gan ta ka gane hanya.

Sai maguna. Kai jama'a! Mage a kan kujerar gidan abinci, mage a ƙofar masallaci, mage kwance a kan dardumar sayarwa mai shago ba zai kore ta ba, an ajiye musu ruwa da abinci a kowace kwana har da 'yan gidaje na katako. Maman yara da ba ta son mage ko kaɗan kafin mu baro wurin ita ke ajiye musu guntun kaza.

Yanzu maganar kuɗi, don nan ne zan fi daɗewa. Antaliya gari biyu ne a gari ɗaya. Akwai na baƙi, inda takardar abinci take da Rashanci da Jamusanci da Turanci, farashi kuma da yuro ake faɗa maka ko kunya babu, akwai kuma na 'yan gari da yake bayan titi biyu kacal. Shayi a ɗan kofin gilashin nan nasu mai siririn ƙugu, na sha a bakin tashar jiragen ruwa, na sha a wani lungu kusa da kasuwa inda tsofaffi ke buga tabla, wani wasan allo ne irin dara, shayi ɗaya ne ganye ɗaya, amma na bakin ruwa ya ninka sau huɗu ko fi. Haka ruwan ruman da ake matsewa a gabanka, lokacinsa ne kuwa, ko'ina an jibge shi ja wur. Garin da ya karɓi baƙi sama da miliyan 15 a 2023 ai dole ya koyi yankan aljihu, ban ga laifinsu sosai ba, amma kai ma ba dole ba ne ka miƙa wuya. Ka taka da ƙafarka, ka duba inda 'yan gari ke cin abinci ka zauna nan. A irin wurin na ci fiyaz, waken nan fari da suke kwaɓawa da man riɗi da ƙwai da tumatir, tare da ƙofte, curin niƙaƙƙen nama gasashe, na ƙoshi da kuɗin da bai kai na lemon kwalba biyu a bakin ruwa ba.

Ciniki kuwa sai da na yi shi da wani mai rigunan fata. Ya tare ni a ƙofa da murmushi har kunne, ɗan'uwa Musulmi ne, shigo, ya sa aka kawo shayin tuffa, ya ɗauko riga ya kunna mata leta don in ga ba ta ci wuta ba, sannan ya danna min 320 a kalkuleta, yuro fa. Na juya rigar na duba ɗinkin ciki, na murza fatar na sansana, na ce masa ta waya mai fassara, daga Kano nake, garin majema, fatar akuyarmu Turawa ke saya tun kakanni. Ya yi dariya ya dafa ƙirji. Na taya 80, ya riƙe kai kamar an yi masa mutuwa, na miƙe, ya riƙo hannuna, aka ƙaro shayi. A 115 muka rabu kowa na murna, har ya ƙara wa maman yara ɗan ƙaramin fos kyauta. Abin da na yaba musu shi ne ko ba ka saya ba ba sa ɓata rai, ba irin namu ba da wani lokaci kana taya kaya ƙasa a bi ka da harara har ka fita layi.

Bakin teku kam sai mutum ya shirya wa idonsa. Ruwan yana da kyau ba ƙarya, shuɗi tas kana ganin ƙafarka a ciki, gaɓar Konya'alti tsakuwa ce ba yashi ba kuma duwatsu sun tsaya a bayanta kamar bango, gaɓar Lara ce mai yashi. Amma shigar da baƙi ke yi ba ta mai iyali ba ce irin namu, mun je da sassafe bayan asuba lokacin daga mu sai tsofaffin Turkawa masu iyo da masu kamun kifi, rana na ɗagawa muka tattara. Akwai otal-otal da suke kira na halal, babu giya, wurin wankan mata daban a rufe, tsadarsu ta fi ta sauran amma in da iyali za ka je su zan ce ka nema.

A wani otal ɗin ɓangaren Lara da muka koma ne ma raina ya ɓaci. Irin waɗanda ka biya komai a dunƙule ne, ci da sha da kwana, a ɗaura maka ɗan abin roba a hannu alamar kai baƙonsu ne. Mun dawo daga gari da yamma, Turawa na ta wucewa ta ƙofa ba wanda ya ce musu uffan, muna zuwa mai gadi ya miƙo hannu ya tare hanya. Na nuna masa abin hannuna, ya kama hannun ya juya shi yana dubawa kamar na sato, ya tambayi lambar ɗaki, na faɗa, ya ce kati, na ba shi, sai da ya kira ciki ta oba-oba muna tsaye mutane na kallonmu. Maman yara ta ce Alhaji ka bar shi don Allah mu wuce. Ban bar shi ba. Na je wurin manaja na faɗa masa cikin natsuwa cewa kuɗin da Bature ya biya shi na biya, kuma na tsaya na ga ko mutum ɗaya ba a tare ba sai mu. Ya ba da haƙuri, ya aiko da farantin kayan marmari ɗaki. Na karɓi haƙurin amma abin ya tsaya min, kuma duk baƙar fatar da zai je ya sani zai iya haɗuwa da irinsa.

Ranar Juma'a Allah ya wanke min wannan ɓacin ran. Na yi salla a masallacin Murat Fasha, ginin 1570, huɗuba da Turkanci ban ji komai ba sai ayoyi. Ana sallamewa wani dattijo mai farin gemu da ke gefena ya riƙe hannuna bai saki ba, Nijeriya? Na ce eh. Da 'yar Larabcinsa da tawa da waya muka fahimci juna, ya rantse sai mun ci abincin gidansa. Muka ɗauko maman yara muka shiga bas zuwa Kefez, unguwar masu ƙaramin ƙarfi ce nesa da ruwa, ba baƙon da ke zuwa can. A ƙofa aka cire takalmi aka ba mu silifas na cikin gida, ya zuba mana kolonya mai ƙamshin lemon tsami a tafin hannu, matarsa ta rungume maman yara kamar sun shekara da sanin juna. Miyar adas, shinkafa da wake, ganyen inabi da aka naɗe da shinkafa a ciki, zaitun daga ƙauyensu, burodi kuwa ana ta ƙarowa, kana cewa ka ƙoshi ana sake cika maka faranti. Na yi ƙoƙarin ba jikansa ɗan wani abu a hannu, dattijon ya ɓata fuska sosai sai da na mayar aljihu. Ibn Battuta, wanda daga baya ya ratsa Takedda ta ƙasar Agadas, ya sauka a garin nan kusan shekara 700 da suka wuce kuma karamcin mutanensa ya yaba, to har yau akwai ragowarsu.

A gidan nan na ji ainihin labarin garin. Ɗansa sabis yake yi a ɗaya daga cikin manyan otal ɗin, aikin rabin shekara ne, sanyi na shigowa a sallame su sai bazara. Yana da mata da ɗa amma ya dawo gidan ubansa, don tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 mutanen ƙasashen biyu suka kwararo suna kama haya da dala, masu gidaje suka haukace, ga lira na faɗuwa, hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin ɗari a watan Oktoban shekarar a lissafin gwamnati ma. Yaron da ke ɗaukar wa baƙo faranti tun safe har dare ba ya iya kama ɗaki biyu a garin da aka haife shi. Ya faɗa ba da fushi ba, amma ni na ji nauyin maganar, don ni ma abin da ya kawo ni kenan, in sayi gida a garinsu.

Duk da haka mun je Alaniya, kilomita wajen 135 ta gabas, hanya na bin gefen ruwa, kusa da garin har gonakin ayaba muka gani. Ejan da ke sayar da gidajen ya ɗauke mu a mota mai sanyi zuwa Mahmutlar, benaye ne jere a jere, wurin wanka, wurin motsa jiki, baranda na kallon teku, gaskiya ido zai so. Sai da na fara tambaya labari ya canja. Takardar zama ta hanyar gida sai gidan ya kai dala 200,000 tun Oktoban 2023. Zama ɗan ƙasa sai 400,000 tun 2022, kuma ba ka sayarwa sai bayan shekara uku. A 2022 ɗin gwamnati ta rufe unguwanni sama da dubu inda baƙi suka wuce kashi 20 cikin ɗari, ta daina ba sabon baƙo takardar zama a cikinsu, kuma Mahmutlar ɗin da yake nuna min tana cikin waɗanda aka rufe a lokacin. Bai faɗa ba sai da na tambaya. Ga kuɗin kula da bene da za ka riƙa biya duk wata ko kana nan ko kana Kano, ga dokar da ke canjawa ba sallama, ga makarantar yara da Turkanci, aikin yi kuwa sai da izini na daban. Na lissafa kuɗin da naira na ga shaguna nawa ne a Kwari. Ban saya ba, kuma na faɗa wa abokina gaskiya, wurin na zuwa hutu ne ka koma gidanka, wanda zai tare can sai mai shigar kuɗi da dala wanda ba ya jiran komai daga garin.

Mun hau keken igiya zuwa ganuwar Alaniya, mun ga Jar Hasumiya ta 1226 a bakin tasha. A hanyar dawowa mun tsaya Side, ginshiƙan Rumawa a bakin ruwa da cunkoson masu hoto, sai Asfendos, filin wasan dutse da in mutum ya yi magana a ƙasa na can sama ke jinsa. Duden ma mun leƙa, inda kogi ke zubowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku, kyauta ne kallonsa. Daga nan sai Istanbul, na biya kuɗin kago na kayana, muka kamo Abuja da dare.