Minti Arba'in a Dajin Wildlife na Jos

Har yanzu idan na tuna washegarin babbar Sallar da ta wuce sai gabana ya faɗi, domin a ranar ce autata mai shekara 5 ta ɓace mini a wurin shaƙatawar nan na Wildlife da ke Jos, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi sai kaina.

Ni tun ina yaro a gidan zu na cikin gari na saba yawon Sallah, wanda yake maƙwabtaka da gidan tarihin da wani Bature mai suna Bernard Fagg ya kafa a 1952. Wuri ne ɗan madaidaici. Idan yaro ya kauce maka, kafin ka zagaya keji biyu kun haɗu. Da wannan sabon na shiga Wildlife, alhali shi daji ne sosai. An kafa shi a 1972, zamanin Joseph Gomwalk yana gwamnan tsohuwar Jihar Binuwai-Filato, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 8, ga duwatsu, ga hanyoyi masu rassa, ga dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura waɗanda idan ka shiga tsakaninsu duk inda ka juya iri ɗaya ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan tarihin sarai, har a cikin mota nake ba yara labarinsa, amma ban yi aiki da shi ba.

Mun ga zaki, mun ga kada da birai, yara sun hau lilo har suka gaji. A wurin lilon ne na ce wa yayarta, wadda ita ma shekararta 10 kacal, ta riƙe mata hannu, ni kuma na tsaya gaisawa da wani abokin kasuwanci. Gaisuwar ba ta wuce minti biyar ba. Ina juyowa sai na ga babbar tana waige-waige, idonta ya cika da ƙwalla, ta ce, "Baba, yanzu fa take nan."

Lokacin Sallah ne, kusan rabin 'yan matan wurin atamfa da lalle iri ɗaya ne da nata. Ga hadari ya haɗo ta gabas, kuma duk ɗan Jos ya san ruwan damina a garin nan yana iya zuwa da ƙanƙara da sanyi mai shiga ƙashi. Na yi ta ƙwala kiran sunanta har muryata ta dushe, uwarta kuwa ba ta ce mini uffan ba, salati kawai take yi, kuma shirun nan nata ya fi mini zafi da a ce faɗa ta yi.

Bayan minti arba'in muka same ta can kusa da shingen jimina, zaune a gefen wata dattijuwa mai gasa masara, an lulluɓa mata zane, tana riƙe da rabin masara. Matar ta ce ganin ta ta yi ita kaɗai tana bin shinge, sai ta zaunar da ita, don ta san mai nema dole ya biyo ta nan. Na miƙa mata kuɗi, ta ƙi karɓa, ta ce, "Malam, yaro ba ya riƙon yaro a cikin taro."

Duk mai niyyar kai iyali can ranar biki, ya tafi da safe kafin cunkoso, ya sa wa kowane ƙaramin yaro babba guda, kuma tun daga ƙofa a tsayar da wurin haɗuwa. Ni dai yanzu ko kasuwar Taminus za mu je, sai na rubuta lambar wayata a takarda na cusa wa kowannensu a aljihu. Yayar tata kuwa sai da na zaunar da ita a daren na ba ta haƙuri, domin har muka isa gida tana ganin ita ce ta yi sakaci.